Bokitin almakasai daga ɗakin haihuwa

Yayata ungozoma ce a wani ƙaramin gidan likita da ke karkarar Maradi. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta aiko yaro da bokiti rufe da tsumma. Na buɗe, sai ga almakasai da hantsakan aikin haihuwa, waɗanda ma'aikata ke ce wa pens, duk sun yi ja da tsatsa a mahaɗa. Saƙonta gajere ne: "Ƙanena, duba waɗanda za su gyaru. Majo ya ce sauran rami za a zuba su." Majo shi ne shugaban gidan likitan.

Mu gidan maƙera ne. Baba hauya da lauje da gatari ya ƙera har tsufansa, ni kuma na koyi walda, na koma aikin inoks, ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa. Ina haɗa teburin tura kaya da sandar rataya ƙarin ruwa da tire na likita. Da na ga bokitin, gyara bai fara zo mini a rai ba. Cewa na yi me zai hana in ƙera sabbi a nan, a daina jiran na ƙasashen waje.

Na yanko wani tsohon farantin inoks, na fitar da almakashi, na goge shi har yana ɗaukar ido. Sau uku ya yanka bandeji, a na huɗu ya fara tauna. Na mayar da shi wuta, na tsoma a mai, na sake wasawa. Buhu biyu na gawayin ƙirya na ƙone a kan wannan gwaji, ga shi ƙirya itace ce da yanzu sai an yi nisa cikin daji ake samunta. Baba yana zaune yana kallona. Daga ƙarshe ya karɓa, ya goga masa magagari, ya ce, "Kai yaro, wannan ƙarfen ba ya karɓar tauri. Ka bar wahal da wuta."

Wani mai gyaran injunan likita ne ya warware mini abin daga baya. Inoks iri-iri ne. Na tire da tukwane, mai lamba 304, yana da kuromiyam wajen kashi 18 cikin 100 da nikel wajen kashi 8, kuma wuta ba ta taurara shi. Na almakashi da wuƙar fiɗa, irin mai lamba 420, kuromiyam ɗinsa wajen kashi 13 ne, yana da sinadarin gawayi da ya fi yawa, kuma sai an kai shi zafin digiri 1,000 ko kusa da haka a tanderun da ake iya auna zafinsa. Mayen ƙarfe na kama 420 sosai, 304 kuwa da ƙyar. Zugazugi ba zai ba ka wannan daidaiton ba. Nan na haƙura da ƙira.

Haƙurin ya sa na fara karanta rubutun da ke jikin kayan. Wasu an buga musu sunan Jamus, inda garin Tuttlingen ya yi suna da wannan sana'a tun ƙarni na 19. Mafi yawa daga Siyalkot ta Pakistan suke. Na riƙe almakashi guda ina lissafin abin da ya ci kafin ya iso hannun Yaya: an haƙo ma'adinin kuromiyam, an narkar da ƙarfe da wutar lantarki mai yawa, an buga shi, an taurara, mutum ya zauna gaban dutse yana shaƙar ƙura yana gogewa, an tsoma a asid, sannan jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome, sannan babbar mota zuwa Maradi. Rahoton da ƙungiyar Health Care Without Harm ta fitar a 2019 ya ce harkar kiwon lafiya ke da kashi 4.4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma kashi 71 na wannan daga ƙera kaya da safararsu da zubar da su yake fitowa. Duk wannan wahala an riga an sha ta a kan almakashin da za a jefa rami saboda mahaɗarsa ta cije.

Sai na hau babur na tafi in ga yadda tsatsar ke kama ƙarfen da ba ya tsatsa. Ban daɗe ba na gani. Da an gama karɓar haihuwa, kayan na faɗawa bokitin ruwan jabel, ruwan kulorin nan na kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar da aka koya musu minti 10 ce, amma mace guda ce ke gadin dare, wata mai naƙuda na kiranta, sai kayan su kwana a ciki. Abin da ke kare inoks wata ƴar fata ce da ido ba ya gani, wadda kuromiyam ke yi in ya haɗu da iska, kuma kulorin na jabel huda ta yake yi. Ramukan da ya bari nan jini ke maƙalewa, inda buroshi ba ya kaiwa. Ban ga laifin kowa ba. Tsoron sida da ciwon hanta ne ya kawo bokitin, kuma tsoro ne na gaskiya. Amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawarar jiƙa kayan fiɗa a kulorin kafin wanki, domin yana cin ƙarfe, kuma jini yana kashe ƙarfin kulorin ɗin.

Na ce wa Majo, "Ranka ya daɗe, a gwada wata guda. Safar hannu mai kauri, sabulu da buroshi nan take, a ɗauraye, a shanya da baki buɗe, sannan tukunyar tururi." Ya yi shiru, ya ce shi zai fara tambayar na sama da shi. Sai bayan mako uku ya aiko cewa sun yarda.

Kuskurena mafi muni kuwa a gida na yi shi, kuma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Bayan an kankare tsatsa, sai an tsoma ƙarfen a asid don fatar nan ta dawo. Masana'antu sun daɗe suna amfani da asid nitirik. Na samo kaɗan wajen masu aikin zinariya, aiki ya yi kyau, in ruwan ya gaji sai in kwarara shi bayan shago, gindin zogale. Cikin kwanaki ganyen ya yi rawaya ya kaɗe. Tsohuwar da muke katanga ɗaya ta leƙo da safe ta ce, "Ɗana, me kake zubawa a nan? Jikokina nan suke wasan ƙasa, ga rijiyata." Taku kaɗan ne tsakanin wurin da rijiyar. Unguwarmu ta gangaren Gulbi ce, ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Ni da nake ganin ina ceton ƙarfe daga rami, ga shi ina tura guba inda mutane ke sha. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, ban yi tunani ba." Ranar ban taɓa aiki ba. Ni da yarona muka haƙe ƙasar wurin muka ɗura a ganga, na roƙe ta ta bar rijiyar, ni na riƙa biyan mai kurar ruwa har tsawon lokaci.

Daga nan na koma asid sitirik, farin garin tsamin lemo da ake sa wa abin sha. Masana'antu da yawa ma sun koma kansa. Kashi 4 zuwa 10 cikin 100 ake damawa a ruwa mai ɗumi, ba ya hayaƙi, ba ya ƙona fata kamar wancan. In ya gaji ina barbaɗa masa kanwa har ya daina kumfa. Amma kanwa tsamin kawai take kashewa, ƙarfen da ya narke yana nan a ciki. Don haka ba na zubarwa. Ina juye shi a faffaɗan daro, in rufe da raga saboda kaji da awaki, rana ta shanye ruwan, in kankare busasshen in zuba a ganga mai murfi. Wasawa ma da ruwa nake yi yanzu don ƙura ta kwanta, walda kuma a fili da abin rufe hanci, tunda hayaƙin waldar inoks na ɗauke da nau'in kuromiyam mai jawo sankarar huhu.

Da aka rufe iyakoki bayan Yulin 2023, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, sabbin kaya suka yi wuya, sai bokitai suka riƙa zuwa daga wuraren da ban taɓa takawa ba. Dutsen wasa na Baba mai juyawa da hannu na kakkaɓe. Kusan biyu cikin uku na abin da ake kawowa yana gyaruwa: a wasa baki, a ɗaure kusa, a daidaita haƙora, a gwada a kan bandeji da safar roba. Wanda ya tsage a mahaɗa ko ramukansa suka yi zurfi ba na mayarwa, ko an roƙe ni.

Akwai kuma waɗanda ba na taɓawa sam, masu alamar 2 a cikin da'ira da aka ja wa layi. Aiki ɗaya aka ƙera su su yi. Ƙarfe ne sosai, ya ratso teku, ya yi ƴan mintoci a hannun ungozoma, shi ke nan. Wannan yana ci mini rai, amma ba zan sa ran mai jego a caca ba. Abin da na roƙa shi ne a turara su a tukunya kafin a fitar, ni kuma in karya bakinsu don kada wani ya tsinta ya mayar kasuwa, sannan in auna wa ƴan gwangwan su tafi wurin narki.

Gangar busasshen laka ce ta rage mini. Tana kusurwar shago a kan bulo, na rubuta mata GUBA da jan fenti, ta haura rabi. Na fara gwada cakuɗa kaɗan da siminti ina buga ƙananan tubala, ina ajiye su ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya taɓawa. A gurbin zogalen, Inna ta dasa wani a bara, cikin sabuwar ƙasa da na kwaso mata a amalanke, kuma ta hana kowa tsinkar ganyensa sai ya shekara biyu.