Hunturun Kano daga sararin samaniya

Asabar.

Yau ban fita ba sai masallaci. Bayan la'asar wuta ta dawo, na kunna wani fim na tarihi da aka harhaɗa da tsofaffin hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kan tafiyar John Glenn ta 20 ga Fabrairu, 1962. Shi ne Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, zagaye uku cikin kusan awa biyar, a wani ɗan ƙaramin kumbo mai suna Friendship 7. Kafin nan Rasha ta riga ta sha gabansu: Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, a 1957, sai Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a Afrilun 1961. Shi ya sa fuskokin mutanen da ke cikin fim ɗin suke a ɗaure. Jama'a sun yi cirko-cirko a tashar jirgin ƙasa ta New York, kowa ya ɗaga kai ga allon talabijin, wata mata ta toshe baki da hannu.

Sai aka nuno babbar taswirar ɗakin kula da tafiyar, da da'irori a kan tashoshin da ke bin sawun kumbon. Na tsayar da fim ɗin, na matso. Kano ce a tsakiyar Afirka ta Yamma, ga Zanzibar can gabas.

Na kira Baba ya gani. Ya gyara tabarau ya ce ai sun san da zancen tashar Amurkawa tun suna yara, amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga aikinta. Aikinta kuwa babba ne. A lokacin babu taurarin ɗan'adam da za su riƙa isar da murya, don haka sai an jera tashoshi a doron ƙasa, kowace ta yi magana da matuƙin na 'yan mintuna kafin ya ɓace mata, ta miƙa shi ga ta gaba. Da Glenn ya iso saman Afirka, ya gaya wa Kano yana hango ƙura ta turnuƙe, suka amsa masa cewa iska ta yi mako tana kaɗawa. Hunturunmu ke nan, wanda ke fasa mana leɓe, mutum ya hango shi daga can.

Abin da ya tsaya mini a rai, fim ɗin ya daɗe a kan mutanen Perth ta Ostareliya da suka kunna fitilunsu da dare domin Glenn ya gani, har garin ya yi suna da hakan. Kano kuwa ɗigo ce kawai a taswira. Ban ga laifin masu fim ba, labarinsu suka bayar. Mu ne ba mu ɗauki kyamara mun bi dattawan da suka yi gadi ko tuƙi a tashar nan ba, kuma kullum raguwa suke.

Da daddare ƙanwata ta tambaye ni ko akwai wannan a littafin tarihinsu na makaranta. Muka duba tare, babu. Gobe zan rubuta mata shi a takarda ta kai wa malaminsu.