Yaran ƙarƙashin gada

Shagona na ɗinki yana Fagge a Kano, kuma idan aikin biki ya taru nakan kai ƙarfe ɗayan dare ban rufe ba. A irin wannan dare ne, cikin hunturu, na fara lura da su kwance kan kwali a ƙarƙashin gadar sama wajen Bata, sun cusa ƙafafu cikin buhu.

Mutane kan ce almajirai ne. Ai almajiri yana da malam, yana da zauren da zai koma, akwai mai cigiyarsa idan bai dawo ba. Waɗannan babu mai cigiyarsu. Wani duka ne ya koro shi daga tsangaya, wani zama da kishiyar uwa ya gagara. Da rana dako a kasuwar Singa ko tsintar gwangwani a bola, da dare wasu su shaƙi sholisho don yunwa da sanyi su lafa.

Ni da mai shayin layinmu muka fara kai musu shayi da burodi kowane daren Juma'a. Sai da muka yi sati uku babu wanda ya yarda ya zauna kusa da mu. Sun zaci kame ne. Ban ga laifinsu ba. Manyan cikinsu suna tuna 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa kwasar yara a motoci ana mayar da su jihohinsu.

Daga baya na buɗe musu bayan shago da safe. Bokiti, sabulu, man shafawa saboda kaushi, sai wani tsohon akwatin ƙarfe mai kwado. Akwatin nan ya fi shayin jawo su, domin a barci ake yanke musu aljihu. Kowa ya ajiye kuɗin dakonsa, in rubuta a littafin awo. Ba na tambayar kowa garinsu.

Bayan wata biyu wani ɗan shekara sha uku ya miƙo min guntun kwalin sigari, ya ce, "Baba, don Allah gwada min lambar nan." Ta mahaifiyarsa ce. Da ta ji muryarsa kuka ya hana ta magana, ni ma sai da na fita waje. Har yanzu bai yarda ya koma gida ba, amma duk Lahadi suna waya, kuma shi ke ɗinka min maɓalli.