Katangar Duwatsu a Tsakiyar Daji: Ziyara Gonar Robert Frost

Abin da ya fara ɗaure mini kai a jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka shi ne ganin katanga inda babu gona. Mota na tafe, daji ya rufe hagu da dama, sai ga jerin duwatsu an ɗora wani kan wani, tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba, sun ratsa cikin itatuwa sun ɓace. Babu gida, babu dabba, babu shuka. A wurinmu in ka ga shinge ka san akwai gero ko rogo a bayansa. Mako guda ke nan da dawowata, kuma duwatsun nan sun fi komai tsaya mini a rai, domin su suka buɗe mini waƙoƙin Robert Frost, marubucin waƙoƙi na Amurka, da na daɗe ina karantawa a duhu.

Daga Boston zuwa garin Derry, inda gonar Frost take, kilomita 65 ne ko kusa da haka, a kan babbar hanya mai lamba 93, sannan a sauka a kama ta 28. Sai da motar haya. Ma'aikacin da ya ba ni mota ya juya lasisina ya fi sau biyar, ya tambaye ni ko na taɓa tuƙi a kan kwalta. Na haɗiye. Wanda ya tuƙa mota a Kano da yammacin jajibirin sallah ba ya buƙatar amsa wannan.

Gonar eka 30 ce. Kakan Frost ne ya saya masa ita a 1900, ya zauna da iyalinsa yana kiwon kaji, daga 1906 ya haɗa da koyarwa a wata makaranta ta garin. Manomi ne na jeka-na-yi-ka, har ana ba da labarin cewa da tsakar rana da tsakar dare yake tatsar saniyarsa don kada ya tashi da asuba. Ya sayar da gonar a 1911, ya tafi Ingila a 1912, kuma a Landan aka buga littattafansa biyu na farko, a 1913 da 1914. Amma kayan cikinsu na nan ne: farin gidan katako haɗe da rumbu don kada a taka dusar ƙanƙara wajen zuwa gun dabbobi, ɗan rafin da ke ƙafewa kafin ƙarshen Yuni, da katangar. Gidan kansa daga wajen Mayu zuwa Oktoba ake buɗe shi. Mai shiga ciyawa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, saboda kaskar yankin tana ɗauke da cuta.

Wanda ya warware mini zancen katanga wani dattijo ne mai lambun tuffa a kusa, wanda na tsaya tambayar hanya ya hana ni tafiya sai da na sha shayi. Ya ce duwatsun tsohuwar ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ce ta bar su a cikin ƙasa. Duk hunturu ruwan da ke cikin ƙasa yana daskarewa har zurfin sama da mita guda, ƙasa ta kumbura ta turo dutse sama. Idan ta narke, ɓurɓushi ya zuba a ƙarƙashin dutsen, ba ya komawa inda ya fito. Shi ya sa kowace shekara manomi ke tsintar sabbin duwatsu kafin huɗa, ya ja su gefen gona da shanu. Katangar juji ce kafin ta zama iyaka. Kumburin nan kuma shi ke rushe ta, don haka ake gyara idan sanyi ya karye, wajen Afrilu. Ya nuna mini ƙa'idar ɗori: manya a ƙasa, gindi ya fi kai faɗi, dutse ɗaya a kan mahaɗar biyu, biyu a kan ɗaya, tsawon dutse ya shiga ciki maimakon ya bi jikin katanga, a cike tsakiya da ƙanana. Ba siminti. In mahaɗa ta hau kan mahaɗa, nan za ta tsage a hunturun farko. Masu kai kamar ƙwallo su ne fitina, ba sa zama.

Duk wannan yana cikin waƙar nan tasa mai suna "Mending Wall". Sanyi yana zubar da duwatsu, mafarauta suna rusa wasu don karnukansu su kama zomo, maƙwabta biyu suna tafe kowa a gefensa yana ɗaga abin da ya faɗo wajensa. Mai magana yana tsokanar maƙwabcin: ni tuffa gare ni, kai dogayen itatuwa, ba wanda ke da shanu, katangar ta mece ce? Shi kuwa sai maimaita karin maganar mahaifinsa yake, cewa shinge mai kyau shi ke gyara maƙwabtaka. A ra'ayina maƙwabcin ya fi gaskiya, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban dagaci a kan layin gamba da aka ture da garma zai goyi bayana. Sai dai ku lura, mai tsokanar ne da kansa yake zuwa ya sanar da maƙwabcin cewa lokacin gyara ya yi.

Dajin da ya haɗiye katangun kuwa sabo ne. An sare shi an yi kiwon tumaki a farkon ƙarni na 19, sannan aka buɗe magudanar jiragen ruwa ta Erie a 1825, hatsin yamma mai araha ya shigo, matasa suka tafi can ko masaƙun birni. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na jihar daji ne. Ashe ƙauyen da ke mutuwa Frost ya tarar. Dalilin ke nan waƙoƙinsa suka cika da kufai, da ɗan ƙodago da ya dawo ya mutu a gidan da ya taɓa yi wa aiki, da yaron da injin zarto ya datse wa hannu. Waƙar noma tamu ta gayya ce: ganga, kirari, a zuga sarkin noma ya tsere wa sa'a a kan kunya. Tasu mutum ɗaya ne da dogon laujensa, yana sauraren ƙarar ciyawa. Ta fi tamu kaɗaici nesa ba kusa ba.

Dattijon bai bar ni ba sai da na hau tsani. Tuffa ba a fizgarta. A tallafe ta a tafin hannu, a murɗa sama, ta fito da ɗan tsinkenta, domin in ka karya ɗan reshen da ta fito ka kashe 'ya'yan baɗi. Wadda ta taɓa ƙasa, ko ba ta fashe ba, ta tafi wajen matse ruwa, kamar yadda yake a waƙar Frost ta bayan tsinkar tuffa. Hattara a nan: ruwan tuffa iri biyu ne da suna kusan ɗaya, mai gurɓi-gurɓi na cikin firiji halal ne, ɗayan giya ce, a duba kwalba. Abin da ya ba ni dariya, mutanen birni suna biyan kuɗi su yi wa mai lambu tsinka, har su ɗauki hoto. Ni ya cika mini jaka ya ƙi karɓar ko sisi. A kanti ma jihar ba ta ɗora harajin saye, saɓanin Massachusetts inda ake ƙara kashi 6.25 a wurin biya, farashin jikin kaya daban, abin da za ka zaro daban. Ga ladan mai kawo abinci, kusan kashi ɗaya cikin biyar, wanda sunansa kyauta amma dole ne.

Tafkin Walden a garin Concord na jihar Massachusetts, inda na wuce daga nan, ya fi yadda na zata ƙanƙanta da hayaniya. Marubuci Thoreau ya zauna a nan daga Yuli 1845 zuwa Satumba 1847, a filin abokinsa marubuci Emerson, cikin ɗaki ƙafa 10 da 15 da ya ce ya ci masa dala 28 da 'yan kai. Jirgin ƙasa yana wucewa ta bakin ruwan tun zamaninsa, har yau kuma. Ajiye mota dala 8 ne ga mai lambar jihar, 30 ga baƙuwar lamba, don haka a duba lambar motar haya tun a wurin karɓa.

Amherst, wani gari a jihar, na yi mata awa biyu: gidan marubuciyar waƙoƙi Emily Dickinson, da lambun da ta samo ƙudan zuma da tsuntsayen waƙoƙinta kusan 1,800. Daga nan Bennington a jihar Vermont, bayan tsohuwar majami'a, inda aka binne Frost a 1963. Dutsen kabarin a kwance yake, mutane sun zuba masa sulalla. Ruwa ya fara saukowa, na koma mota.