Dunƙule Bakwai a Tukunya Ɗaya

Ranar da aka fara gaya mini cewa jinina ya hau, ba ciwo ne ya kai ni asibiti ba, rakiya na yi wa wani abokin aikina da ƙafarsa ta kumbura. Muna zaune a kan benci muna jiran layi ya zo kansa, sai ma'aikaciyar jinya ta dube ni ta ce, "Malam, tunda Allah ya kawo ka, miƙo hannunka kai ma a gwada." Na naɗe hannun riga ina murmushi, domin a lokacin shekarata 44, ban taɓa kwana a gadon asibiti ba, kuma ko ciwon kai ba ya damuna sai jefi-jefi. Na'urar ta matse mini dantse, ta saki, ta nuna 158 bisa 98. Bayan an maimaita awon a wasu ranaku biyu abin bai sauka ba, likita ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa duk wanda awonsa ke tsayawa a 140 bisa 90 ko fiye da haka, to yana da hawan jini, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, kuma mafi yawan masu shi ba sa jin komai sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya a kullum, sannan ya yi mini tambayar da na kasa amsawa: "Dunƙule nawa ake sakawa a miyar gidanka?"

Ban sani ba, kamar yadda mafi yawan magidanta ba su sani ba, domin mu namu shi ne a ajiye mana kwano mu buɗe. Da daddare na tambayi uwargida, sai ta ɗaga kai ta ce, "Baban yara, yau kuma sa ido aka fara yi wa tukunyata?" Da na gaya mata dalili, jikinta ya yi sanyi, muka je madafi ta ƙirga mini takardun da ta ɓare a ranar. Dunƙule bakwai ne a miyar kuɓewa ta mutum takwas, ban da gishirin da take ɗiba da hannu, ban da ɗan farin magi da ake barbaɗawa a ƙarshe. Ba zan ɗora mata laifi ba, domin ni ne mai ture kwano in ce miya ta yi lami duk ranar da ta rage hannu.

Na zauna na yi lissafi irin na ɗan ofis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da wanda ke ɓoye a cikin burodi da taliyar yara da kifin gwangwani da yajin tsire. Ƙaramin dunƙule yana da nauyin kusan giram 4, kuma kusan rabinsa gishiri ne, saboda haka bakwai sun ba da giram 14. Idan aka ƙara cokalin shayi biyu na gishirin hannu, tukunyar ta tashi da giram 24, kowannenmu ya sami giram 3 a zama ɗaya. Miya sau biyu a yini ta riga ta tsallake iyaka tun kafin a taɓa burodin safe. Abin da gishirin nan ke yi kuwa sananne ne: yana sa jiki ya riƙe ruwa, jinin da ke bin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi, a hankali jijiyoyin su yi tauri.

Ba mu yanke shi rana ɗaya ba, domin da mun yi haka da yara sun yi mana bore. Muka riƙa cire dunƙule ɗaya duk bayan mako biyu, muna cike gurbinsa da abin da iyayenmu suka san miya da shi tun kafin a ƙirƙiro dunƙulen: daddawar kalwa mai kyau, da citta, da masoro, da kanumfari, da kimba, da tafarnuwa, da albasa mai yawa da aka bari ta soyu a hankali. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda harshe ke sabo. Cikin wata biyu, abincin da nake saya a bakin ofis, wanda na shekara goma ina yabawa, ya koma mini kamar an kifar da kwanon gishiri a ciki. Yanzu dunƙule biyu ake sakawa a wannan tukunyar, kuma babu wanda ya taɓa tashi bai ƙoshi ba.

Wannan al'amari ne ya mayar da tunanina ƙauyenmu, wurin kakata da ta rene ni. Ba zan faɗi shekarunta da lamba ba tunda a zamaninsu ba a rubuta haihuwa, amma ta ga 'ya'yan jikokinta, kuma har kusan ƙarshen rayuwarta da ƙafarta take zuwa unguwa. Da safe koko ne ko ɗumamen tuwo, da rana fura da nono, da dare tuwon dawa ko na gero da miyar kuka. Idan damina ta sauka, kwaɗon rama da zogale da tafasa ba sa yankewa a gidan, ana haɗa su da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Wake kuwa kusan kullum yana nan, ko a dafa shi da dawa, ko a yi alale, ko ɗanwake. Alawarmu ita ce goruba da kanya da magarya da ɗinya da garin kuka da muke tsotsa. Nama sai ranar kasuwa ko salla ko suna. A lokacin muna ganin wannan talauci ne, kuma burin kowane yaro a cikinmu shi ne ya girma ya shiga birni ya ci farar shinkafa da lemon kwalba kullum. Allah ya cika mini wannan burin, ya haɗa mini da teɓa da ƙwayar hawan jini.

Ba ina cewa zamanin da ya fi na yanzu lafiya ba ne. Da yawa daga cikin sa'o'in kakata ƙyanda da zazzaɓi da gudawa sun ɗauke su tun suna goye, kuma mata da yawa sun rasu wurin haihuwa. Amma waɗanda suka tsallake waɗannan, ba kasafai ake ganin irin ƙibar nan tamu a jikinsu ba. Wani likita ɗan ƙasar Ailan mai suna Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura da irin wannan, har ya shafe shekarun 1970 yana jan hankalin Turawa cewa cututtukan da suka addabe su, irin su sankarar hanji da basir da cushewar ciki, ba su da yawa a ƙauyukan Afirka saboda mutanen suna cin hatsi da wake da ganye ba tare da an tace su fes ba. Wannan ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da jijiyar ganye, shi ne ke sa suga ya shiga jini a hankali, ya kuma sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Mu ma muna surfe, amma turmi ba ya yi wa ƙwaya tsirara kamar yadda injin gyaran shinkafa da na fulawa suke yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, alhali mu da muke tara shi buhu-buhu a kasuwar Dawanau muna jin kunyar a ce shi muka ba baƙo. Acca da ake rainawa a da, yanzu ita ce ake ƙullawa a leda mai kyau ana sayar wa masu ciwon suga da tsada. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanen da.

Suga shi ne abin da ya fi ba ni wahalar rabuwa. Ina da mai shayin da nake tsayawa wurinsa kusan kowace safiya, kuma ya san haɗina ba sai na faɗa ba: cokali uku a cike, da madarar gwangwani, da rabin burodi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokalin shayi goma sha biyu, kuma idan an tsaya a rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana iya cinye kusan dukan wannan kason. Tun a dokar kuɗi ta 2021 gwamnatin Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, amma ban ga wanda naira goma ta hana sha ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muka lalata namu na gida. Fura da kunun aya da kunun zaƙi da zoɓo duk abin sha ne masu kyau a asalinsu, har ma an yi bincike da ya nuna cewa zoɓo yana ɗan sauke jini, amma wanda ake ƙullawa a gora ana sayarwa a bakin titi, sau da yawa sugan da ke cikinsa bai bar wa lemon kwalba komai ba. A gida yanzu zoɓonmu da citta da kanumfari da ɓawon abarba ake dafa shi, shayina kuwa ya sauka zuwa rabin cokali. Mai shayin ya tambaye ni ko albashi ne bai shigo ba.

Akwai kuma abin gargajiya da ya kamata a yi hattara da shi, kuma a nan ne muka sha muhawara da mahaifiyata. Kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ɓangaren gishiri da ke hawar da jini. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, sun yi nazarin yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Daga baya masu bincike a Kano sun nuna cewa akwai wasu dalilan ma, irin su ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma ba wanda ya ce mai hawan jini ya riƙa ɗirkar kanwa. Haka nan gyaɗa da masarar da aka adana da danshi har suka yi fumfuna suna haifar da wata guba da ke lalata hanta, kuma tafasawa ko suya ba ta kashe ta, saboda haka ƙwayar da ta canza launi ko ta yi ɗaci zubarwa ake yi, ba a niƙa ta a ƙuli-ƙuli don gudun asara.

Likitan bai tsaya a kan abinci ba, ya tambaye ni tafiyar minti nawa nake yi da ƙafa a yini. Na duba rayuwata na ga daga gado sai mota, daga mota sai kujera, daga kujera sai mota, sannan tabarmar majalisa har ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ya ba ni labarin wani bincike da Jeremy Morris ya wallafa a 1953 kan ma'aikatan motocin bas masu bene a Landan, inda aka ga cewa kwandastoci, da ke yini suna hawa da sauka a matakala, ba sa kamuwa da bugun zuciya kamar direbobin da ke yini a zaune, alhali mota ɗaya suke ciki. Abin da ake so ga babban mutum shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. Na zaɓi bayan sallar Asuba, in fito daga masallaci in zagaya unguwa na rabin sa'a kafin rana ta yi zafi. A makon farko sau uku maƙwabta suna tsayar da mota suna cewa, "Alhaji, lafiya? Motar ce ta lalace? Shigo in rage maka hanya." A wurinmu magidanci mai rufin asiri da ke tafiya a ƙasa abin tausayi ne. Yanzu mu huɗu ne muke zagayen, ɗaya daga cikinmu ma shi ne ya fara tsayar mini da mota. Uwargida kuwa da wata maƙwabciyarta sun mayar da kai yara Islamiyya da ƙafa nasu tattakin.

Majalisar dare na rage ta don in sami barcin sa'a bakwai. Yawan abin da nake zubawa a kwano shi ma na rage, kuma a nan ban buƙaci littafin likita ba, domin tun muna makarantar allo muka ji hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa idan ba makawa a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Na daɗe da haddace shi, amma malmala uku nake tashi da ita. Yanzu ɗaya da rabi ce, sai miya da ganye su fi yawa.

Awona na watan jiya ya nuna 128 bisa 82, kuma wandunan da na ajiye shekara biyar sun koma shiga. Na roƙi likita ya dakatar da ƙwayar tunda abin ya daidaita, ya ce da ita da sauyin abincin ne suka haɗu suka sauke shi, kuma ya ga mutane da yawa da suka ajiye magani suka koma tafarnuwa da zoɓo kaɗai, aka dawo da su a kwance. Na ci gaba da sha.

Makon da ya wuce Inna ta zo daga ƙauye da tsarabar daddawa da garin kuka da ƙullin jar kanwa. Ta ɗanɗana miyar dare ta ce da uwargida, "'Yar nan, daddawarki ta ji, amma tuwon nan da an ɗan jefa masa kanwa." Na fara yi mata bayanin sodiyam, ta katse ni ta ce ita da kanwa ta yi jegona kuma ga ni nan da raina. A ƙarshe muka daidaita a kan cewa za a riƙa jiƙa 'yar kaɗan ranar ɗanwake kawai, sauran ƙullin kuwa uwargida ta ɗora shi can saman kanta, inda hannun Inna ba ya kaiwa.