Tsohuwar Land Cruiser ɗina da maganar motar lantarki

Jiya na dawo daga Bilma, can cikin hamadar Nijar, ƙura har cikin kunne. Tsohuwar Land Cruiser ɗina ba ta ba ni kunya ba. Injinta 1HZ ne, silinda 6, lita 4.2, irin wanda Toyota ta fara ƙerawa tun 1990. Ba shi da turbo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi), ba shi da kwamfuta. Gudu kam sai haƙuri, in ta ɗauki kaya tafiyar raƙumi take yi, amma ko man dizal mai datti ta sha, canza filta kawai za ka yi ka wuce. Kowane makanike a Agadez ya san cikinta kamar tafin hannunsa.

Ƙanena ya dame ni wai in koma motar lantarki. Gaskiyarsa ta wani fannin, domin ƙarfinta na zuwa ne nan take, abin da ake so ke nan a rairayi. To amma nauyin batir fa? Kuma a tsakiyar hamadar Tenere ina zan yi caji? Mai dai ina ɗaura shi a jarka.

Ku masu Hilux, yaya sababbin suke a yashi?