Abin da sikeli ke faɗa mini a ɗakin wankin ƙoda

Aikina a sashen wankin ƙoda, inda na'ura ke tace jinin waɗanda ƙodarsu ta gaza, yana farawa tun kafin mara lafiya na farko ya iso. Ɗakin tace ruwa muke fara dubawa, don zama ɗaya na awa 4 yana cin ruwa kusan lita 120, kuma cikin matatar na'urar siririyar fata ce kawai ke raba ruwan nan da jinin mutum. Daga nan mu haɗa tiyo, mu kore iskar da ke ciki, mu shirya heparin don kada jini ya daskare. Wannan duk hannu yakan saba da shi cikin ƴan watanni.

Sikeli ne ya ɗauke ni lokaci. Kowane mara lafiya likita ya yanka masa nauyin da ya kamata ya kasance da shi in babu ruwan da ya taru a jiki. Abin da ya ƙaru tun zaman baya shi za mu cire, kilo 1 lita 1. Mai ƙarin kilo 2 har barci yake yi a kan na'ura. Mai kilo 5, ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama, shi ne ba na matsawa daga kansa, don in aka ja ruwa da sauri sai tansiyo ya faɗi, jijiyar ƙafa ta ɗaure, amai ya taso.

To, ka tsaya a Maraɗi cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka ce wa mutum kada ya sha fiye da rabin lita a kan abin da yake fitsarwa a yini. Wani dattijo daga wajen Tasawa ya taɓa rantse mini: "Majo, wallahi ruwa kaɗan na sha." Na ce, "Baba, furar fa?" Ya ce, "Ai fura abinci ce, ɗiyata." Bai yi ƙarya ba, amma sikeli yana lissafa fura da kunu da shayi da kankana duka.

Tun daga nan na rage yi wa marasa lafiya faɗa, na koma neman wadda ke riƙe da tukunya a gidansu, uwargida ce ko suruka. Gishiri da dunƙulen magi da kanwa ne ke kunna ƙishirwa. In ta rage su a miya, rabin rigimarmu ta mutu. Ita nake nuna wa yadda za ta yanka dankali ta tafasa ta zubar da ruwan, saboda sinadarin fotasiyam. Fotasiyam ɗin nan in ya taru a jini ya fi ba ni tsoro, don ba ya kumbura ƙafa balle a gani, zuciya kawai yake tsayarwa. Dabino da ayaba cike suke da shi, shi ya sa azumi na matsowa nake tayar da maganar buɗa-baki.

Hannun da aka yi wa aikin haɗa jijiya kuma, wato inda muke soka allura mu haɗa mutum da na'ura, ba a auna tansiyo a kansa, ba a ɗibar jini, ba agogo, ba a kwana a kai. Kowa na koya masa ya ɗora yatsa da safe ya ji tana motsi dirrr. In ta yi shiru, ya zo ranar, kada ya jira ranar zamansa.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne nisa. A ƙa'ida sau 3 ake zama a mako, amma wanda ke fitowa daga Dakoro ko Mayahi, kuɗin mota kaɗai kan sa ya tsallake zama, kafin ya dawo dangi sun ɗura masa jiƙo. Ba na zagin jiƙon a gabansu, in ba haka ba ɓoye mini za su yi. Cewa nake su kawo likita ya gani.

Dangi kan ja ni gefe su tambayi yaushe za a gama. In ƙodar ta daɗe da lalacewa saboda hawan jini ko ciwon suga, gaskiya nake faɗa musu: wanki ba ya warkarwa, aikin ƙodar yake riƙewa, sai dai dashe. Masu samun sallama su ne waɗanda ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya, kamar matar da ta zubar da jini wajen haihuwa ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar. Su nake auna wa fitsari kullum, in ya ci gaba da ƙaruwa kuma gwajin jini ya yi kyau, likita ya ce a cire musu tiyon da aka sa a wuya don wankin su koma gida.