Gonar Baba a cikin kwamfuta

Wata biyu ke nan ina fama da wani aiki, wai in kwaikwayi gonar hatsin Baba ta wajen Tibiri a kwamfuta, in zuba mata ruwan damana da taki ta gaya min dami nawa za a ɗaure. Da farko zumuɗi ya ɗebe ni wallahi, komi na gani sai in cusa, har da farashin tiya a babbar kasuwa da canjin naira da sefa saboda 'yan Jibiya masu zuwa saye, har awakin maƙwabta da ke ɓarna sai da na yi musu layi a Python, yaren da nake rubuta wa kwamfuta umarni da shi.

Malamina ya duba ya ce, kai tambaya guda kake son amsawa ko duk Maradi za ka gina? Tambayar dai ita ce a yi shuka da ruwan farko ko a jira. To mi ya haɗa wannan da naira? Ya sa ni in riƙa taɓa kowane abu ɗaya bayan ɗaya, in ƙara masa kashi 10 cikin 100 in rage, wanda amsa ba ta motsa ba in fidda shi. Awaki suka fara tafiya, kasuwa ta bi su.

Sai kuma na zarce, na dunƙule ruwan shekara lamba guda, milimita 500 haka, tunda kusan abin da muke samu ke nan. Da na nuna wa Baba dariya ya yi, ya ce ɗan nan ruwa ai ba a jimla yake zuwa ba, in an yi na farko ka shuka sannan sama ta ɗauke sati biyu ko uku, jigawa ta bushe iska ta turbuɗe tsiron, sai sake iri. Dole na koma ruwan kullum-kullum, kuma ashe haka SARRA-H, tsarin kwaikwayon amfanin gona a kwamfuta da AGRHYMET (cibiyar nazarin noma, ruwa da yanayi a Yamai) ta yi aiki da shi, yake lissafi.

Gawo ne har yanzu muke ja-in-ja a kansa da Baba. Shi da damana yake zubar da ganye, hatsin gindinsa ya fi na sarari kyau, ido ma na gani, amma sa shi na nufin in yanka gonar gida-gida, kuma ban ga zai canja ranar shuka ba. Na bar shi waje. Baba ya ce in babu gawo to ba gonarsa ba ce, in nemi mai ita.